Littattafan Zamani Kan Tarihin Yahudawa: Wanne Ya Kamata Ka Fara Ɗauka?

Yawancinmu ta ƙofa biyu muka san Yahudawa. Ta farko ita ce wajen tafsiri da karatun Sira, inda muke jin labarin Bani Isra'ila da Annabi Musa, da Banu Ƙainuƙa'a da Banu Ƙuraiza da Khaibar. Ta biyu kuma rediyo da waya, inda kullum ake ambaton Gaza da Ƙudus. Daga Khaibar zuwa 1948 akwai fiye da shekara 1,300, amma in ka tambayi mai karatu sosai a cikinmu ina mutanen nan suka zauna a wannan tsakani, me suke ci, da wane harshe suke ciniki, wa ya riƙe su da mutunci, wa kuma ya kore su, da wuya ya yi maka bayanin minti biyar. Daga 2013 zuwa yau an wallafa littattafai masu kyau da ke cike wannan giɓi. Matsalar ita ce suna da tsada, wasunsu tubali ne guda, kuma da Turanci za mu same su. Wanda kuɗinsa da lokacinsa na littafi ɗaya ne ko biyu, dole ya zaɓa da lissafi.

Manyan littattafan tarihin guda biyu su ne aka fi rikita su, don a kan kanta kamanninsu ɗaya. Ɗaya na Simon Schama ne, The Story of the Jews, mai juzu'i biyu: na farko ya fito a 2013, ya ɗauko daga wajen shekara 1000 kafin haihuwar Annabi Isa zuwa 1492, na biyu mai suna Belonging ya fito a 2017, ya tashi daga 1492 ya tsaya a 1900. Ɗayan kuma na Martin Goodman ne, malamin jami'ar Oxford, A History of Judaism, na 2017. Schama tarihin mutane ya rubuta, Goodman kuma tarihin addini. Wanda ya sayi wannan yana neman wancan, zai ajiye shi kafin ya kai shafi na hamsin.

Schama bai fara da Annabi Ibrahim ko fitowa daga Masar ba. Ya fara da wata wasiƙa ta wajen shekara 475 kafin haihuwar Annabi Isa, wadda wani uba ya aika wa ɗansa soja, cikin takardun da aka tono na Yahudawan tsibirin Elephantine, a tsakiyar kogin Nilu kusa da Aswan. Uban yana gaya wa ɗan cewa tun da ya tafi hankalinsa da na mahaifiyarsa bai kwanta ba, sannan ya shiga maganar albashi da tufafi. Waɗannan Yahudawa sojojin haya ne na daular Farisa, suna da haikalinsu a can inda suke yanka, suna aure da saki da rigimar gado, har aka rushe haikalin a shekara ta 410 kafin haihuwar Annabi Isa. Haka littafin yake tafiya har ƙarshe: tsingaro mai rubutu, yarjejeniyar aure, zanen bango a majami'ar Dura-Europos ta Siriya, wasiƙar ɗan kasuwa. Ta hannun mutum ɗaya yake shigar da kai kowane zamani.

Inda ya fi daɗi ga mai karatu Bahaushe shi ne tsakiyar juzu'in farko, lokacin da akasarin Yahudawan duniya ke zaune a ƙasashen Musulmi. A nan za ka haɗu da ɗakin ajiyar takardu na majami'ar Ben Ezra a tsohuwar Alƙahira, wanda ake kira Geniza. Su ma ba sa jefar da takardar da ke ɗauke da sunan Allah, sai suka riƙa zuba kowane irin rubutu a ɗaki guda har ƙarni da yawa. Da aka kwashe shi a ƙarshen ƙarni na 19, mafi yawa zuwa Cambridge ta hannun Solomon Schechter, sai ga dubban ɗaruruwan gutsattsarin takardu: rasit, takardar magani, kukan matar da mijinta ya tafi fatauci bai dawo ba. Da yawansu Larabci ne aka rubuta da haruffan Ibrananci, kamar dai yadda mu muke rubuta Hausa da ajami. A cikinsu har da wasiƙar ƙanen babban malaminsu Musa bin Maimun, ƙanen da ya nitse a teku a hanyar fataucin Indiya. Shi Musa bin Maimun ɗin, haifaffen Ƙurɗuba ne, iyalinsa suka bar Andalus saboda tsananin mulkin daular Muwahhidun, ya zauna a Fas, ya ƙare a Masar yana likitan manyan fadar Salahuddin, ya rasu a 1204. Akwai kuma Samuel ibn Naghrila, Bayahuden da ya zama waziri kuma jagoran yaƙi a masarautar Garnaɗa, mawaƙi kuma. Schama bai ɓoye cewa bayan rasuwar Samuel an kashe ɗansa tare da Yahudawan birnin masu yawa a 1066 ba. Zaman yana da daɗi, yana da ɗaci, kuma duka biyun ya kawo. Daga baya ya kai mu tsibirin Mayorka, wajen masu zana taswira Yahudawa, waɗanda ake danganta musu taswirar nan ta 1375 mai hoton Mansa Musa riƙe da zinariya.

Abu biyu ya kamata a sani kafin a biya kuɗi. Turancin Schama mai ado ne, jimlolinsa dogaye, yana son kalmomin da sai an duba ƙamus, kuma yakan yi tsalle daga wannan ƙarni zuwa wancan ba tare da ya ja ka a hannu ba. Sannan akwai babi kan Yahudawan Larabawa da zamanin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, wanda ya rubuta da idon ɗan tarihi Bayahude, ba da idon malamin Sira ba. Musulmi zai ci karo da abin da ba zai yarda da shi ba. Gara ya shiga da saninsa, ya karanta don ya ji yadda ɗaya ɓangaren ke ba da labarin, ya auna da abin da ya karanta a wajen malamansa. Juzu'i na biyu, mai shafi kusan 800, yana da mutane masu ban mamaki, irin su Gracia Nasi, attajirar da ta tsere wa kotun binciken aƙida ta Turai ta samu mafaka a Daular Usmaniyya, da ɗan damben Landan Daniel Mendoza, ya ƙare da shari'ar Dreyfus, hafsan sojan Faransa Bayahude da aka yi wa ƙazafin cin amanar ƙasa, da Theodor Herzl, jagoran Sahayoniyanci, wato fafutukar kafa wa Yahudawa ƙasa. Amma Turai ta fi yawa a cikinsa, kuma ni ban ga dalilin fara shi kafin na farko ba.

Goodman kuwa ba ruwansa da ado. Tambayarsa ita ce: me waɗannan mutane suka yi imani da shi, yaya suke ibada, kuma ta yaya addinin da ya ginu a kan haikali da yanka ya rayu bayan Rumawa sun rushe Haikalin Ƙudus a shekara ta 70 miladiyya? Ya ɗauko zaren daga Josephus, ɗan tarihin ƙarni na farko, ya bi ta kan ƙungiyoyin addininsu na wancan zamani, Farisiyawa da Sadukiyawa da mutanen da suka bar rubuce-rubucen Tekun Gishiri, ya zo kan yadda malamai suka tattara ruwayoyin hukunce-hukuncensu a kundin Mishna wajen shekara ta 200, sannan sharhinsa, Talmud, a makarantun Sura da Pumbedita na ƙasar Iraƙi. Za ka ga Sa'adiya Gaon, ɗan Fayyum ta Masar, wanda ya fassara Attaura zuwa Larabci. Za ka ga Ƙarra'awa, waɗanda suka ce nassi kaɗai za su bi ba ruwansu da ruwayoyin malamai. Za ka ga sufancinsu na Kabbala, da littafin hukunce-hukunce na Yusuf Karo da aka buga a Venice a 1565, da tashin Hasidawa, masu tafarki irin na sufaye, a gabashin Turai, da rabuwar zamani tsakanin masu riƙo da tsohon tafarki da masu sassauci. Abin da yake ta nunawa shi ne saɓani bai taɓa barin wannan addini ba, kuma sau da yawa masu saɓanin sun ci gaba da zama tare. Ɗalibin ilimi wanda ya saba da maganar mazhabobi, da jayayyar nassi da ruwaya, da gardamar sufaye da malaman fiƙihu, zai sami kansa a gida cikin wannan littafi fiye da yadda Bature zai samu. Sai dai shafi ne wajen 650 na bayani tsantsa, ba labari. Littafin ajiyewa a kusa ne, a buɗe babi in tambaya ta taso. Malamin jami'a, mai wa'azi, mai nazarin addinai, shi ya kamata su saya. Wanda kuma yake son ya kwana yana juya shafi, ya nufi Schama.

Amma in aka ce in zaɓi guda ɗaya tak ga wanda bai taɓa karanta komai a wannan fanni ba, ba ɗayansu zan miƙa masa ba. Zan miƙa masa Three Worlds na Avi Shlaim, wanda ya fito a 2023, tarihin ƙuruciyar mutumin da ke kiran kansa Balarabe Bayahude. An haife shi a Bagadaza a 1945, a gidan wadata. Yahudawa sun shekara fiye da 2,500 a ƙasar Iraƙi, a farkon ƙarni na 20 sun kai wajen kashi ɗaya cikin uku na mutanen Bagadaza, kuma ministan kuɗi na farko na Iraƙin zamani, Sassoon Eskell, ɗansu ne. Larabci suke yi a gida, abincinsu da waƙarsu na Larabawa ne, abokan cinikinsu Musulmi. Shlaim bai tsallake tarzomar Farhud ta Yunin 1941 ba, wadda aka kashe Yahudawa kimanin 180 a cikinta. Sannan ya zo kan 1950 da 1951, lokacin da gwamnatin Iraƙi ta ba su damar fita in sun ajiye takardar zama ɗan ƙasa, daga baya ta riƙe dukiyarsu, mutum wajen 120,000 suka tashi zuwa Isra'ila. Yana ɗan shekara biyar aka sauke shi a Ramat Gan.

Abin da ke tsaya wa mutum a rai shi ne mahaifinsa. A Bagadaza babban ɗan kasuwa ne mai faɗa a ji. A Isra'ila ya kasa sarrafa Ibrananci, ya rasa sana'a, matarsa ce ta fita aiki. Yaron kuma, wanda ya riga ya gane cewa a sabuwar ƙasar Larabci harshen abokan gaba ne kuma Yahudawan Turai na kallon irinsu a ƙasƙance, in uban ya yi masa magana da Larabci a titi gaban abokansa sai kunya ta rufe shi. Tsoho ne yanzu yake rubuta wannan, kuma ana jin nauyin abin a kowane layi. Duk wanda ya taɓa ganin gidan da arziki ya bari, ko dattijon da ƙaura ta mayar baƙo, zai fahimce shi ba tare da sharhi ba.

Turancinsa mai sauƙi ne, shafinsa 300 da 'yan kai. Amma a san cewa Shlaim ba ɗan kallo ba ne a rigimar Gabas ta Tsakiya. Yana cikin masanan da suka sake bitar labarin kafuwar Isra'ila, kuma mai sukar Sahayoniyanci ne a fili. A littafin ya yi hujja cewa 'yan ƙungiyar Sahayoniyya ta ɓoye suna da hannu a uku daga cikin bama-bamai biyar da suka tashi a wuraren Yahudawan Bagadaza a 1950 da 1951, don a tsorata mutane su fita. Wasu masana tarihi ba su gamsu da shaidarsa ba, kuma gardamar tana nan. Ina jan hankali a nan saboda na san mu: wannan babi shi za a fi yankowa a watsa a WhatsApp, a bar sauran. Wanda ya ɗauki zancen bam ya bar Farhud da ƙwace dukiya, bai yi wa littafin adalci ba.

Mu ma fa muna da igiya a wannan tarihi. Shehu Muhammad bin Abdulkarim al-Maghili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ya rubuta masa nasiha kan mulki, kafin zuwansa shi ne ya jagoranci rushe majami'ar Yahudawan Tamantit a yankin Tuwat, cikin Saharar Aljeriya ta yau, wajen 1492. Alƙalin Tuwat na lokacin, al-Asnuni, bai goyi bayansa ba, aka yi ta aika fatawa tsakanin malaman Magrib, wasu na nan wasu na can. John Hunwick ya yi ƙaramin littafi a kan wannan a 2006, Jews of a Saharan Oasis. Ba sabo ba ne, amma ɗalibin tarihin Kano da Katsina ya kamata ya san da shi.

Kan kisan kiyashin da Jamus ta yi wa Yahudawa zamanin Hitler, littattafai sun fi a ƙirga. Cikin na baya-bayan nan, The Escape Artist na ɗan jarida Jonathan Freedland, na 2022, shi ne wanda ba ya ajiyuwa. Labarin Rudolf Vrba ne, saurayi ɗan shekara 19 daga Slovakiya, wanda ya tsere daga sansanin Auschwitz a Afrilun 1944 tare da Alfred Wetzler. Sun lura cewa in fursuna ya ɓace, masu gadi kwana uku suke yi suna tsare da zoben waje, sannan su janye. Sai suka shige cikin wani tarin katako, suka barbaɗa taba da aka jiƙa da fetur don karnuka su kasa shinshino su, suka kwanta kwana uku cur ba motsi. Vrba ya daɗe yana haddace adadin jiragen ƙasa da mutanen da ake saukewa, don ya gane cewa abin da ke sa injin kisan tafiya lami lafiya shi ne waɗanda ake kawowa ba su san inda za a kai su ba. Rahoton da suka bayar ya zagaya, amma tsakanin Mayu da Yuli aka kwashi Yahudawan Hungary fiye da 430,000 kafin a dakatar da jigilar. Rabin littafin na biyu kan wannan ne: an faɗa wa duniya, duniya ta yi jinkiri. Ga matashin da ya ji ana cewa wai abin ƙarya ne, wannan zan ba shi.

Dara Horn, a People Love Dead Jews na 2021, ta tsaya a wani gefe dabam, kuma shi ya sa nake haɗa su. Tarin maƙalu ne, bai kai shafi 300 ba, kuma da zafin rai aka rubuta shi. Ƙorafinta shi ne duniya na son Bayahuden da ya mutu, wanda za a gina wa gidan tarihi a koyi darasi a kansa, amma ba ta damu da rayayye mai addininsa da al'adarsa ba. Ta je Harbin ta ƙasar Sin, inda Yahudawa suka taimaka aka gina birni, aka tatse su suka watse, yau kuma ake gyara gine-ginensu don masu yawon buɗe ido. Ta yi rubutu kan harbin majami'ar Pittsburgh na 2018 da ya ci rai 11. Littafi ne mai kaifi, amma da Amurkawa take magana, kuma ta ɗauka ka riga ka san abubuwa da yawa. Bai dace ya zama na farko ba. Na uku ko na huɗu, to.

Saura ƙagaggun labarai. Mafi girma shi ne The Books of Jacob na Olga Tokarczuk, 'yar ƙasar Poland wadda ta ci kyautar Nobel ta 2018. Ya fito da harshensu a 2014, fassarar Jennifer Croft ta Turanci ta fito a 2021. Ita ba Bayahudiya ba ce, amma ta yi shekaru tana tonon tarihin Jacob Frank, mutumin gaske na ƙarni na 18, ɗan fatauci a ƙasashen Usmaniyya da ya dawo Poland yana da'awar shi ne mai ceton da ake jira. Ya musulunta a wani lokaci, sannan ya ja mabiyansa suka shiga Katolika a 1759, coci ta tsare shi shekara 13 a Częstochowa, ya rasu a Offenbach ta Jamus a 1791. Shafi ne fiye da 900, kuma lambobin shafin da baya-baya suke tafiya, don girmama littattafan Ibrananci da ake buɗewa daga dama. Akwai wata tsohuwa, Yente, da ta haɗiye laya ta kasa mutuwa, tana kallon komai daga sama. Abin da ya kama ni shi ne yadda ta nuna talauci da tsoro da ƙishin ceto ke sa masu hankali su miƙa wuya ga mutum guda, har su ba shi matansu da dukiyarsu, har su yi wa 'yan'uwansu Yahudawa ƙazafin cewa suna amfani da jinin Kirista a ibadarsu, a gaban limaman coci. Sunaye sun yi yawa, mutane na canza suna bayan sun canza addini, kuma akwai wuraren da suka shafi jima'i a fili. Aikin wata biyu ne ko uku, ga wanda ya riga ya saba da dogon labari.

The Netanyahus na Joshua Cohen ya ci kyautar Pulitzer a 2022, kuma sunan kaɗai zai ja mutane da yawa. Kada sunan ya ruɗe ka. Labarin barkwanci ne kan ranar da Benzion Netanyahu, masanin tarihin Yahudawan Sifen kuma mahaifin Benjamin Netanyahu na Isra'ila, ya zo neman aiki a wata ƙagaggiyar kwaleji a jihar New York cikin hunturun 1959 zuwa 1960, da matarsa da 'ya'yansa uku, suka hargitsa gidan mai masaukinsu. Akwai tunani mai zurfi a ciki kan bambancin Bayahuden da ya narke a Amurka da wanda ke ganin tarihi duka tsanantawa ne. Amma rabin dariyar sai wanda ya san jami'o'in Amurka, kuma Turancinsa ya fi na kowa wuya a nan. Mai neman sanin siyasar Isra'ila ba zai samu biyan buƙata ba. Shi ne na ƙarshe a wajena.

Wanda zan ba mai son labari don daɗinsa shi ne The Heaven & Earth Grocery Store na James McBride, na 2023. Marubucin baƙar fata ne, mahaifiyarsa kuma 'yar malamin Yahudawa ce. An tono ƙwarangwal a rijiya a 1972 a garin Pottstown na Pennsylvania, sai labarin ya koma shekarun 1920 da 1930, unguwar talakawa ta Chicken Hill, inda baƙaƙen fata da Yahudawa 'yan ci-rani ke zaune katanga ɗaya. Chona, mai kanti, gurguwa, tana ba maƙwabta bashi ba ta bin sawu, ta ƙi tashi daga unguwar ko da sauran Yahudawa suka samu hali suka koma cikin gari. Da hukuma ta zo ɗaukar wani yaro kurma maraya zuwa gidan da ake kulle naƙasassu, unguwar ta haɗa kai ta ɓoye shi. Farkonsa yana jan ƙafa, don kowane maƙwabci sai an ba da tarihinsa, amma in ka haƙura da kashi ɗaya cikin uku, sauran da kansa zai tafi da kai.

Babu ɗaya cikin waɗannan da aka rubuta don ya warware rikicin Falasɗinu, Shlaim ne kawai ya taɓo shi kai tsaye. Mai wannan buƙata ya nemi The Hundred Years' War on Palestine na Rashid Khalidi, na 2020, ko The Iron Wall na shi Shlaim ɗin, ya haɗa da wani daga ɓangaren da ke kare Isra'ila.

In kuɗin littafi ɗaya ne, Three Worlds na Shlaim. In na biyu ne, a ƙara juzu'in farko na Schama, ko Goodman ga wanda addinin ne ya dame shi. Freedland da McBride su ne za a iya ba ɗan sakandare mai Turanci mai kyau. Kafin ka saya, Kindle da Google Books kan ba da shafukan farko kyauta, don haka karanta biyar na Schama ka gwada ƙarfinka. In ka ji ya yi maka nauyi, akwai shirin talabijin mai kashi biyar da ya yi wa BBC a 2013 da wannan suna, ka fara da shi sannan ka dawo kan littafin.